Marigayi Hufuwet Bwanyi: Likitan da ya haɗa kan manoman Kwaddebuwa

Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa sauka Abijan ya san sunan Feliks Hufuwet Bwanyi, ko da a jikin gadar da ake hayewa zuwa Tireshbil, unguwar da tashar Basam take. Da yawanmu mun san shi a matsayin shugaban ƙasa na shekara 33, amma kaɗan ne suka san cewa daga ƙungiyar manoma ya taso. Wannan ɓangare na rayuwarsa ne ya fi shafarmu, mu da kowace kasuwarmu ke da ƙungiya da shugabanni.

An haife shi a Yamusukuro a 1905, a gidan sarautar Akuwe na ƙabilar Bawule. Ya yi karatu a Senegal, inda ya gama makarantar likitanci ta Dakar a 1925. Aiki ya kai shi Abenguru, ƙasar koko, ya ga yadda kamfanonin Turawa ke karya farashi. A 1932 ya goyi bayan manoman wurin da suka ƙi sayar da amfaninsu. Daga baya ya ajiye aikin asibiti, ya karɓi sarautar yankinsu, ya zama babban manomi shi ma.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu zalunci ya kai maƙura. Ana sayen kilon kokon Bature faran 4.50, na baƙar fata kuwa faran 2.60. Gwamnatin Faransa na kamo mutane aikin tilas tana raba wa Turawa masu gandu, alhali manomi ɗan ƙasa ba shi da mai taya shi, kuma shi kansa ana iya kama shi. A 1944 ne Hufuwet da abokansa irin su Gabriyel Dadiye da Yusufu Anoma suka kafa Ƙungiyar Manoma ta Afirka, da amincewar gwamna Andre Latril. Ba da jimawa ba mambobinta suka kai wajen 20,000.

Dabaru biyu suka ɗaga ƙungiyar. Ta farko, ta samu izinin tara amfanin mambobinta ta sayar kai tsaye ga manyan kamfanoni. Ta biyu ta fi muhimmanci. Maimakon ya roƙi a raba aikin tilas ɗin da su, sai Hufuwet ya nufi arewa, ya gana da sarkin Korhogo, Gbon Kulibali, ya kuma nemi yardar sarkin Mosi na Wagadugu. Ƙungiyar ta yi wa leburori alkawarin lada mai yawa fiye da wanda ake ba 'yan aikin tilas, da kuma kaso daga amfanin gonar. Mutane suka zo da ƙafarsu. Wannan ya rushe hujjar Turawa cewa baƙar fata ba ya aiki sai da bulala.

Haɗin kan nan na kudu da arewa, Kirista da Musulmi, shi ya kai shi majalisar Faransa a ƙarshen 1945. Ranar 9 ga Afrilu 1946 aka kafa jam'iyyar PDCI a Tireshbil, kuma ranar 11 ga wata dokar da ke ɗauke da sunansa ta haramta aikin tilas a duk ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. Da aka tsare shugabannin jam'iyyar bayan rikicin 6 ga Fabrairu 1949 a Tireshbil, matan Abijan ne suka nufi kurkukun Garan Basam a watan Disamba, tafiyar wajen kilomita 40, a kan hanyar da motocin tashar Basam ke bi.

Sai dai ƙofar ƙungiyar ba a buɗe take ga kowa ba. Sai mai hekta 2 na kofi ko hekta 3 na koko ke zama mamba, saboda haka ƙaramin manomi da leburan da suka ɗaga ta ba su da bakin magana a ciki. Bayan samun 'yancin kai ranar 7 ga Agusta 1960, jam'iyyar da ƙungiyar ta haifa ta zama ita kaɗai a ƙasar har 1990. A 1963 an ɗaure wasu abokan gwagwarmayarsa bisa zargin juyin mulki, wanda shi da kansa ya amince daga baya cewa ƙage ne. 'Yan Nijeriya kuma ba su manta ya amince da Biyafara a 1968 ba. A 1989 gwamnatinsa ta rage kuɗin kilon koko daga sefa 400 zuwa 200.

Duk da haka, mu baƙi mun ci moriyarsa. Ya bar ƙasar a buɗe ga manomi da ɗan kasuwa daga ko'ina, shi ya sa kasuwannin Ajame da Tireshbil suka cika da mutanen Nijar, Nijeriya, Mali da Barkina Faso. Ya nemi a ba 'yan maƙwabta damar zama 'yan ƙasa biyu, amma mutanensa suka ƙi, aka janye maganar a 1966. Baƙi 'yan Afirka sun ci gaba da jefa ƙuri'a har zaɓen 1990.

Matsalar ita ce wannan kariya ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, kuma a 1994 sabuwar dokar zaɓe ta raba baƙi da ƙuri'a. Gardamar wane ne ɗan ƙasa na asali ta yi ta ruruwa har yaƙi ya ɓarke a 2002, fatake da dama suka yi asarar dukiya.

Abin lura ga ƙungiyoyin kasuwanninmu shi ne: ɗan dako, mai tura kura, mace mai talla da baƙon da ya hayo iyaka, a ba su gurbi da ƙuri'a, a kuma rubuta haka a tsarin ƙungiya tun shugaba mai adalci yana raye. Allah Ya sa mu gane.