GALILEO, MUTUMIN DA YA AUNA FAƊUWAR DUTSE

An haifi Galileo Galilei a birnin Pisa na ƙasar Italiya ran 15 ga Fabrairu, 1564. Ubansa, Vincenzo, gwanin kiɗa ne amma ba mawadaci ba, saboda haka ya tura shi jami'ar Pisa don ya koyi likitanci. Yaro kuwa hankalinsa duk yana kan lissafi. Ya bar karatu a 1585 ba tare da takardar shaida ba, amma duk da haka a 1589 wannan jami'a ta ɗauke shi malamin lissafi. A 1592 ya koma Padua, inda ya shekara 18 yana koyarwa.

A zamanin nan malaman Turai na bisa kan maganar Aristotal, masanin nan na Girka wanda Larabawa ke kira Arisɗu. Shi ya koyar cewa gwargwadon nauyin abu gwargwadon saurin faɗuwarsa, watau dutse mai laba 10 zai fi mai laba 1 sauri har sau goma. Kusan shekara 1,900 ana karantar da wannan, kuma kada mu yi gaggawar yi musu dariya, gama duk wanda ya ga ganye da tsakuwa suna faɗuwa haka zai zata.

Galileo ya kawo wata hujja mai wuyar turewa. A ɗaure ƙaramin dutse da babba a sake su tare. In dai ƙaramin ba shi da sauri, lalle ya ja babban baya, su rage gudu. To, amma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, ya kamata ke nan su ƙara gudu. Magana ɗaya ta haifi amsa biyu masu karo da juna. Akwai labarin da ya bazu cewa ya hau karkatacciyar hasumiyar Pisa ya sako ƙwallaye a gaban jama'a. Almajirinsa Viviani ne ya ba da shi bayan rasuwarsa, shi Galileo bai rubuta haka ba.

Ainihin aikin a Padua aka yi shi, wajen 1604. Abin da ya faɗo daga sama ya cika sauri, agogon lokacin ba ya iya auna shi. Sai ya sami katako mai tsawon kamu 12, ya fafe kwararo a tsakiyarsa, ya goge shi sumul, ya ɗaga kansa guda, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Lokaci kuwa da ruwa ya ke aunawa: ya tara abin da ya zubo ta siririn bututu yayin gangarowar, sa'an nan ya ɗora shi a sikeli. Ya tarar in ƙwallo ya ci taki 1 a lokaci na fari, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu, jimla ke nan 1, 4, 9, 16. A lissafin yau, jan da ƙasa ke yi wa dutse yana ƙara masa saurin ƙafa 32 cikin kowane sakan, ya faɗi ƙafa 16 a sakan na fari, 64 bayan sakan biyu, ko mai nauyi ne ko marar nauyi.

To, me ya hana ganye bin wannan ƙa'ida? A nan, a ganina, basirarsa ta fi fitowa. Ya lura cewa a cikin ruwa tazarar da ke tsakanin abu mai nauyi da marar nauyi babba ce, a cikin iska kuwa 'yar kaɗan ce. Ashe bambancin daga abin da a ke ratsawa ya ke, in babu shi sam, ulu da dalma tare za su sauka. Iska tokare abu ta ke yi, kuma ƙarin saurinsa ƙarin tokarewarta, har ta yi daidai da nauyinsa, daga nan ba ya ƙara gudu. Ganye mai faɗi nan da nan ya ke kai wannan iyaka, dalma sai ta yi nisa. Malamin makaranta na iya gwada wa yara da takarda biyu, guda a shimfiɗe guda a dunƙule.

A 1610 ya hango watanni huɗu na tauraron Mushtari da madubin hangen nesa, sunansa ya game Turai. Amma da ya wallafa littafi a 1632 yana goyon bayan cewa duniya ke kewaya rana, kotun cocin Katolika a Roma ta tilasta masa janye maganarsa a 1633, aka yi masa ɗaurin talala a gidansa na Arcetri, kusa da Florence. A nan tsoho ya koma kan lissafinsa na faɗuwa, aka fitar da rubutun aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638, lokacin ya riga ya makance. Ya rasu ran 8 ga Janairu, 1642.

A 1971 wani Ba'amurke, David Scott, ya tsaya a doron wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a lokaci guda. Tare suka sauka.