Fanny Crosby: Makauniyar da Ba Ta Gaji da Tsara Waƙa Ba

Ɗan'uwana cikin Ubangiji, idan ka taɓa buɗe Littafin Waƙoƙi a lokacin sujada, da wuya a ce ba ka rera waƙar wannan mata ba, ko da ba ka san sunanta ba. An haifi Fanny Crosby a jihar New York ta Amurka a shekara ta 1820. Tana da mako shida a duniya ta rasa ganinta, mahaifinta kuma ya rasu kafin ta cika shekara ɗaya. Mahaifiyarta ta tafi aikatau, kakarta ce ta riƙa zaunar da ita tana kwatanta mata kamannin furanni da tsuntsaye, tana karanta mata Maganar Allah. Tun tana yarinya ta haddace littattafan Musa biyar da Bishara huɗu, da Karin Magana, da zabura masu yawa.

Da shekara 15 ta shiga makarantar makafi a birnin New York, daga baya ta zama malama a can. Ta yi aure a 1858. Sun sami haihuwa sau ɗaya, jaririn bai zauna ba. Sai a 1864, tana da shekara 44, ta fara rubuta waƙoƙin sujada gadan-gadan. Kai da kake cewa lokacinka ya wuce, ka lura da wannan.

Yadda take aikin shi ne abin da nake so ka duba. Ba ta iya rubutu da alƙalami yadda wani zai karanta. Sai dare ya yi, baƙi sun watse, gida ya yi tsit, ta yi addu'a, ta riƙe wani ɗan littafi a hannu, wanda ba ta iya ganin ko harafi ɗaya a cikinsa, sannan ta fara jera kalmomi a zuciyarta. Ta ɗora baiti, ta sauke, ta canza kalma, ta sake aunawa da karin waƙar, har sai ya zauna daram. Da safe ta faɗa wa mai rubuta mata. Wani lokaci waƙoƙi da yawa ne ajiye a kanta suna jiran mai alƙalami. Haka ta yi shekara hamsin, ta bar waƙoƙi fiye da 8,000.

Me ya riƙe ta? Ba kuɗi ba ne, domin dala ɗaya ko biyu ake ba ta a kan waƙa, abin da ta samu kuma takan raba wa matalauta, tana zaune a gidan haya. Ba suna ba ne, domin masu buga littattafai sun sa mata sunayen aro kusan 200 don kada a ga sunan mutum ɗaya ya cika littafi. Sau nawa jama'a suka rera waƙarta a gabanta ba su san tata ba ce! Kuma gaskiya ba dukan waƙoƙin ne suka yi kyau ba. Dubbai ba a taɓa buga su ba, yawancin sauran an manta da su. Da yabo take jira kafin ta tsara ta gaba, da ta daina tun da wuri. Zaman nan na dare ne take ƙauna, ita da Ubangijinta da kalmomi, can take samun ƙarfinta.

Na sha zama da mawaƙan ikilisiya da suka ajiye baiwarsu don an ba wani makirufo, ko don fasto bai ambaci sunansu ba. Ban raina ciwon ba, ni ma na ɗanɗana shi a aikin bishara. Amma ka tambayi kanka yau: ranar koyon waƙa, lokacin da kujeru suke wayam, kana jin daɗin aikin? Kai mai ɗinki, kai mai kaɗa jita, ke mai koyar da yara ranar Lahadi, ku roƙi Ruhu Mai Tsarki ya maido muku da daɗin nan na farko.

Fanny ta ci gaba da wa'azi a gidajen taimakon mashaya da marasa galihu na New York har ta tsufa tukuf, tana tsara baitoci har ƙarshen ranta. Ta rasu a garin Bridgeport a watan Fabrairu na 1915, tana da shekara 94.