Fannie Lou Hamer: Mai Cirar Auduga Da Ta Ƙi Kujeru Biyu

Marigayiya Fannie Lou Hamer ba ta taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, kuma jam'iyyar da ta yi ruwa ta yi tsaki wajen kafawa ba ta ƙetare iyakar jiha guda ba. Amma wannan ƙaramar jam'iyya ce ta tilasta wa babbar jam'iyyar Democrat ta Amurka sake tsarin zaɓen wakilanta.

An haife ta ran 6 ga Oktoba, 1917, a Jihar Misisipi, ita ce auta cikin 'ya'ya ashirin. Iyayenta baƙaƙen fata ne masu noma gonar wani a raba amfani. Tana shekara shida ta fara cirar auduga, karatunta kuwa ya tsaya tana wajen goma sha biyu. Bayan ta yi aure ta shekara goma sha takwas tana akawun wata gonar Bature kusa da Ruleville.

Ran 31 ga Agusta, 1962, ta tafi Indianola tare da mutum goma sha bakwai don yin rajistar zaɓe. Aka ɗora musu jarrabawar karatu, wadda da ma an ƙirƙiro ta ne don tankaɗe baƙaƙe, aka ce ta faɗi. Mai gona ya nemi ta janye sunanta, ta ƙi, ta rasa aiki da muhalli a rana ɗaya. A watan Yuni, 1963, 'yan sanda suka tsare ta a Winona, aka yi mata dukan da ya lahanta ƙodarta har ƙarshen rayuwarta.

A lokacin, baƙaƙen jihar masu rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba, reshen Democrat na jihar kuma na farar fata ne zalla. Saboda haka a watan Afrilu, 1964, ita da abokan gwagwarmayarta suka kafa tasu jam'iyyar, MFDP, mai buɗe ƙofa ga kowa. A watan Agusta suka aika wakilai 68 babban taron Democrat a Atlantic City, suna neman a ba su kujerun jihar.

Ita ce ta tsaya gaban kwamitin tantance wakilai ta zayyana abin da aka yi mata, talabijin na ɗauka kai tsaye. Shugaba Lyndon Johnson, wanda ke gudun ɓata wa Turawan Kudu rai ga zaɓe ya ƙarato, sai ya kira taron manema labarai na gaggawa don a kawar da kyamarori daga kanta. Dabarar ba ta ci ba, domin da dare gidajen talabijin suka watsa jawabin nata.

Daga nan aka yi musu tayin kujeru biyu kacal, waɗanda ma ba da sunan Misisipi za a zauna a kansu ba. Wasu manyan shugabannin baƙaƙe suka ba da shawarar a karɓa. Hamer ta tsaya kai da fata a kan a ƙi, wakilai suka bi bayanta, suka koma gida hannu rabbana. Masu ganin taurin kai ne kawai ba su daɗe ba suka ga sakamako: a taron Chicago na 1968 an hana tsohon ayarin jihar zama, aka ba ayarin haɗin gambiza na baƙi da fari kujerun, tana cikinsu.

A 1969 ta kafa gonar haɗin kai ta Freedom Farm don ciyar da matalauta. Ta rasu ran 14 ga Maris, 1977, tana da shekara 59, bayan fama da ciwon daji, aka binne ta a Ruleville. A watan Janairu, 2025, Shugaba Joe Biden ya karrama ta da lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula.