Likita Theodor Kocher, Mai Fiɗar Maƙoƙo

Ku masu karatu, kun san ciwon maƙoƙo, gama ba baƙo ba ne a garuruwanmu. A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai kama da malam-buɗe-littafi, da fiffike biyu, ɗaya dama ɗaya hagun. Likitoci suna ce da ita tairod. Idan ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Ga labarin mutumin da ya koya wa duniya yadda za a yi fiɗarta, da kuma iyakar abin da ya kamata a cire.

An haifi Theodor Kocher a birnin Bern, cikin ƙasar Suwizalan, ran 25 ga Agusta 1841. Ubansa injiniya ne. Uwarsa kuwa mai ibada ce ta ekklesiyar Morabiya, ta yi renonsa cikin tsoron Allah, shi ma ya riƙe wannan bangaskiya har mutuwarsa. Ya karanta aikin likita a Bern, ya gama a 1865. A 1872 aka naɗa shi babban malamin fiɗa na jami'ar garin, bai kuwa bar wannan aiki ba har shekara 45.

Suwizalan ƙasar duwatsu ce, abincinta kuma a wancan zamani ba shi da isasshen sinadarin aidin, sabo da haka maƙoƙo ya yi yawa a cikinta. Wani maƙoƙon ya kan danne maƙogwaro har numfashi ya gagara. Amma likitoci suna tsoron taɓa shi, domin kafin zamanin Kocher wajen mutum 40 cikin 100 su kan mutu bayan fiɗar, waɗansu don zubar jini, waɗansu don ruɓar rauni. Kocher ya bi koyarwar Lister na Ingila a kan tsabta. Ya kan yi aiki a hankali, yana ɗaure kowace jijiyar jini kafin ya yanka. Da haka marasa lafiyarsa suka riƙa tashi.

Sai dai akwai wata masifa a ɓoye. A 1874 ya cire wa wata yarinya mai shekara 11 tairod ɗinta duka. Raunin ya warke sarai. Amma daga baya yarinyar ta daina girma, jikinta ya yi nauyi, hankalinta ya dushe, har ƙanwarta ta fi ta tsawo. A 1882 wani likitan Janiba, Jacques-Louis Reverdin, ya ba da labarin irin wannan abu ga marasa lafiyarsa. Kocher ya aika a kirawo mutanen da ya yi wa aiki. Cikin 34 waɗanda aka cire wa tsokar duka, 18 suka zo, 16 daga cikinsu kuwa suna da wannan cuta: fuska a kumbure, fata a bushe, jin sanyi kullum, magana da tunani a hankali. Waɗanda aka bar musu sashen tsokar, yawancinsu lafiya lau.

A nan ne aka gwada halinsa. Da ya so, da ya yi shiru ya tsare sunansa. Amma a 1883 ya tsaya gaban taron likitocin fiɗa a Barlin, ya bayyana abin da wuƙarsa ta jawo. Tun daga lokacin ya bar cire tsokar duka, sai inda larura ta tilasta, kamar a ciwon daji. Ta wurin wannan aka gane tairod tana zuba wani ruwa cikin jini, wanda in babu shi jiki da hankali ba su tafiya daidai. A 1891 George Murray na Ingila ya warkar da wata mace da ruwan tairod na tunkiya.

Kafin 1912 Kocher ya yi fiɗar tairod wajen 5,000, waɗanda su ke mutuwa kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. A 1909 aka ba shi kyautar Nobel, shi ne likitan fiɗa na fari da ya same ta. Ya rasu ran 27 ga Yuli 1917, yana kan aikinsa har kwanakin ƙarshe.

Tambayar da ya tayar tana nan har wa yau. Idan an sami ciwon daji a tairod, likita zai auna. In ƙarin ƙarami ne, yana gefe ɗaya, bai yaɗu ba, sau da yawa fiffike ɗaya kaɗai a ke cirewa, sauran ya ci gaba da aiki. In kuwa babba ne ko ya yaɗu, a kan cire duka, sa'an nan mutum ya riƙa shan ƙwayar magani kowace rana muddin ransa, a madadin ruwan nan. Cire duka ya fi haɗari ga jijiyar murya, da kuma wasu ƙananan tsokoki huɗu da ke bayan tairod, masu daidaita sinadarin kalsiyam cikin jini.

Sabo da haka, 'yan'uwa, wanda ya ga ƙari a wuyansa kada ya yi jinkiri, ya tafi asibiti. Ku kuma yi girki da gishiri mai aidin, gama shi ne maganin yawancin maƙoƙo tun bai fito ba.