Tarihin Ernest Hemingway, Marubucin Mazan Jiya na Amurka

Mu da muka tashi a Unguwar Sarki, arewa da Kogin Kaduna, mun tarar da sauran mazan jiya, watau sojan da aka kai Barma a Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka sallame su, waɗansu suka shiga aikin ɗan doka na En'e, waɗansu masinja, waɗansu gadi. In an zauna hira sukan ba da labarin dazuzzukan Arakan da ruwan sama wanda ba ya ɗaukewa, amma abin da ke tashinsu tsakar dare ba su faɗa wa kowa, ko matansu. Wannan shirun shi ne wani Ba'amurke, Ernest Hemingway, ya ƙare ransa yana rubutu a kansa, ga shi kuwa shi ma bai tsira daga gare shi ba.

An haife shi ran 21 ga Yuli, 1899, a Oak Park kusa da birnin Chicago. Ubansa likita ne, uwarsa kuwa mai koyar da waƙa. Tun yana ƙarami uban ya koya masa harbi da su a dazuzzukan Michigan, ya kuma koya masa cewa namiji ba ya kuka. Da ya gama makaranta a 1917 sai ya kama aiki a jaridar Kansas City Star. Watanni kaɗan ya yi, amma can aka hore shi da gajerun jimloli da barin ado marar amfani. Akawun da ya saba cika takarda uku a kan zancen da layi biyar za su ɗauka, lalle yana da abin koyo wurinsa.

Cikin 1918 ya tafi Italiya yana tuƙa motar ɗaukar masu rauni ta Red Cross. Ran 8 ga Yuli, yana raba wa sojan Italiya taba da cakulan a bakin Kogin Piave, sai harsashin igwa ya fashe kusa da shi, ɓaraguzan ƙarfe fiye da 200 suka shige ƙafafunsa. Bai cika shekara 19 ba. Gwamnatin Italiya ta ba shi lambar girma ta azurfa, aka kwantar da shi asibiti a Milan. Can ya kamu da son wata nas, Agnes von Kurowsky, wadda ta girme shi da shekara bakwai, har ya koma gida cikin Janairu 1919 yana tsammanin za ta biyo shi a ɗaura aure. Cikin Maris sai takardarta ta iso, ta ce ta sami wani hafsan Italiya. Ƙafa ta warke, amma masu bin tarihinsa da yawa suna ganin daga ran nan ya ɗauki dabarar barin mace tun ba ta bar shi ba. In muka dubi abin da ya biyo baya, da wuya mu ƙaryata su.

Ya auri Hadley Richardson cikin Satumba 1921, suka tafi Faris yana aika wa jaridar Toronto Star labarai. Ita ce ta yi zaman rashi da shi a wani ɗan ɗaki, kuɗin gādonta ne kuma ya riƙe su sa'ad da ba wanda ya san sunansa. A littafinsa na gajerun labarai na 1925 akwai labarin wani soja, Krebs, wanda ya komo garinsu a makare, bayan an gama yi wa sauran maraba. Ba mai son jin gaskiyar abin da ya gani, sai ya shiga ƙara gishiri don a saurare shi, har ƙaryar ta sa ya ƙyamaci kansa. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon 'yan mata suna wucewa, yana sha'awarsu, amma ba shi da ƙarfin zance ko neman aure.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne The Sun Also Rises na 1926. Tauraronsa, Jake Barnes, ya sami rauni a yaƙi irin wanda ya hana shi biyan haƙƙin aure. Yana son Brett Ashley, ita ma tana sonsa, amma ba hali, sai ya zama yana kallo tana bin maza ɗaya bayan ɗaya, har shi da kansa ya haɗa ta da wani saurayi ɗan wasan bijimai a Pamplona ta ƙasar Sifen, wasan da ya yi kama da hawan ƙahon mahautanmu, sai dai su kashe sa suke yi. Mazan littafin ba su da aiki sai giya da faɗa da yawo daga wannan gari zuwa wancan. An kira su yaƙi da sunan daraja da kishin ƙasa, sun komo ba su gaskata ko ɗaya ba. Abin da muka fi yabawa a nan shi ne, wanda ya fi kowa haƙuri da cika alkawari cikinsu shi ne wanda jama'a za su ce ba namiji ba ne. A littafin 1929, A Farewell to Arms, watau sallama da makamai, hafsa ya tsere daga yaƙi ya bi wata nas, suka haye Suwizalan cikin kwale-kwale, sa'an nan ta mutu wajen haihuwa, ɗan ma bai zo da rai ba.

To, wanda ya rubuta waɗannan ya san mazantaka ba ihu ba ce. Amma a zamansa na duniya sai ya bi wata hanya dabam. Ya rabu da Hadley cikin Janairu 1927, ya auri ƙawarta Pauline Pfeiffer cikin Mayu. Cikin Disamba 1928 ubansa, wanda ciwo da asarar kuɗi suka dame shi, ya kashe kansa. Daga nan Hemingway ya himmantu ga nuna wa duniya shi namijin duniya ne: ga dambe, ga kamun manyan kifaye a teku, ga farautar zaki a Kenya da Tanganyika cikin 1933 da 1934, kome kuwa sai an ɗauki hoto. Jaridu suka so wannan kama, shi ma ya so ta.

Yaƙin basasa na Sifen ya haɗa shi da Martha Gellhorn, 'yar jarida mai ƙarfin zuciya, ya aure ta a 1940, shekarar da For Whom the Bell Tolls ya fito. Wannan ita ce ta ƙi zama a gida ta jira shi. Cikin 1944 ya karɓe matsayinta na wakilin yaƙi a mujallar Collier's, ya hau jirgin sama zuwa London, ita kuwa ta bi jirgin ruwa mai ɗauke da albarusai. Ran da aka faɗa wa Normandy, shi daga cikin jirgi ya yi kallo, ita ko ta ɓuya a jirgin asibiti har ta taka tudu tana taimakon masu rauni. Cikin matansa huɗu ita kaɗai ce ta fara cewa ta gaji. Ya auri Mary Welsh a 1946.

Bayan yaƙi na biyu sababbin marubuta suka taso, irin su Norman Mailer da James Jones, waɗanda suka yi soja na sosai, suka nuna bariki wuri ne na danniya da tsoro. A wurinsa suka koyi sana'a, amma shi ya ɗauke su abokan kokawa. Littafinsa na 1950, labarin wani kanar mai shekara 50 da ciwon zuciya yana soyayya da budurwa a birnin Venice, masu sharhi sun yi masa dariya. Sai ya rama da The Old Man and the Sea a 1952: tsohon masunci ɗan Kyuba, kwana 84 bai kama kome ba, ya kamo ƙaton kifi, kifaye masu cin nama suka cinye shi tun bai kai gaci ba, ya iso da ƙashi kurum. Mujallar Life ta buga shi, aka sayar da fiye da miliyan 5 cikin kwana biyu. Mu lura, mace ɗaya da ke cikin ran tsohon nan, matarsa ce da ta rasu, hotonta ma ya sauke daga bango don yana sa shi kewa.

Cikin Janairu 1954 jirgin sama ya faɗi da shi da Mary a Uganda, wanda ya zo ɗaukarsu kuma ya kama wuta wajen tashi a Butiaba, har jaridu suka buga labarin mutuwarsa, ya karanta da idonsa. Shekarar nan aka ba shi kyautar Nobel, amma jiki bai bar shi ya je karɓa ba. Raunin kai da giya da baƙin ciki suka taru a kansa. Ya bar Kyuba a 1960, aka yi masa magani da lantarki a asibitin Mayo, ya fito yana kukan rubutu ya gagare shi. Ran 2 ga Yuli, 1961, ya kashe kansa a gidansa na Ketchum, jihar Idaho, saura kwana 19 ya cika shekara 62. Mary ta ce wa 'yan jarida tsautsayi ne, sai bayan shekara biyar ta faɗi gaskiya.

A 1964 aka buga littafin da ya bari kan zamansa na Faris, A Moveable Feast. Cikinsa ya yi wa tsofaffin abokansa yankan ƙauna, har da Scott Fitzgerald wanda ya taimake shi samun mai buga masa littafi. Mutum ɗaya ya ambata da nadama, ita ce Hadley, wadda tun ran rabuwarsu ya sallama mata duk ribar The Sun Also Rises. Ta sake aure a 1933, ta zauna da mijin nan har mutuwa ta raba su, ita kuwa ta rasu a 1979.