Mamman Shata: Mawaƙin da ya ɗauko kalangu daga dandali ya kai shi fada da jami'a

Ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa. An yi masa sutura a Daura. Har yau muryarsa tana tashi a tashoshin mota da shagunan teloli, daga Funtuwa har Zuba da Maraba a bakin Abuja, kuma da yawan masu sauraronsa ba a haife su ba lokacin da ya bar duniya.

Abin da ya ba Shata wannan matsayi ya wuce zaƙin murya. Ya tarar da kiɗan Hausa a rarrabe, kowane rukunin jama'a da nasa makaɗa da nasa kayan kiɗa, sai ya ɗauki ganga guda wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba a fada, ya yi wa kowa da kowa waƙa da ita.

Duniyar kiɗan da ya tarar

A ƙasar Hausa ta farkon ƙarni na 20, kiɗa yana bin tsarin sarauta da sana'a sau da ƙafa. Tambari da kakaki da algaita na sarki ne. Kotso da taushi da jauje na makaɗan fada ne, waɗanda kowannensu yake da ubangida guda, yana cin abincinsa, yana hawan dokinsa, yana kambama shi tare da yi wa abokan hamayyarsa zambo. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, shi ne babban misalin wannan gida, haka ma Musa Ɗanƙwairo na Maradun.

A wajen fada kuwa, manoma suna da gangar noma, maƙera suna da dundufa, 'yan dambe da 'yan tauri da maharba duk da nasu makaɗan. Kalangu rabon mahauta ne, sai kuma 'yan mata da samari a dandali da gidan biki. Yawanci gadon kiɗa ake yi: ɗan makaɗi ya taso yana amshi a bayan ubansa har ranar da zai karɓi jagoranci. Wanda bai gada ba, in ya shiga, kallon maroƙi ake yi masa, wanda ya zubar da mutuncin gidansu.

Daga Musawa zuwa Bakori

An haifi Muhammadu Shata a 1923 a Musawa, cikin Jihar Katsina ta yau. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, mutum ne mai asalin Fulani, kuma babu makaɗi a zuriyarsu. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsararsa, bai shiga makarantar boko ba. Laƙabin Shata kuwa wani ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu ne ya sa masa, har ya rinjayi sunan yanka.

Da ya tasa, ya yi tallar goro, ya koma sayar da alewa a kasuwannin ƙauyuka. Waƙa ta fara ne a matsayin wasa: bayan cin tuwon dare samari su hallara a dandali, shi ya riƙa bayarwa suna amsawa, ba don a ba shi ko anini ba. Sannu a hankali ya fi sauran, aka fara gayyatarsa ƙauyukan da ke kewaye. Mahaifinsa bai so ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce, Bafulatani kuwa noma da kiwo da fatauci ne nasa. Shata ya dage, ya ajiye faifan alewa, ya rungumi waƙa gaba ɗaya.

Wani ɗan gidan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda ke aikin sayen auduga da gyaɗa a ƙarƙashin En'e a Bakori, shi ne ya jawo shi can. Zaman Bakori ya dace da shi. Yanki ne na auduga, kuɗi suna shigowa hannun manoma da 'yan kasuwa a lokacin kaka, ga hanyar mota da layin dogo na Funtuwa a kusa. A nan ya haɗa ƙungiyarsa ta makaɗa, ya riƙa fita da ita Katsina da Kano da sauran garuruwa.

Shekarar 1952 ce ta buɗe masa ƙofa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka yi gagarumin bikin auren 'ya'yan sarki, wanda ya tara manyan ƙasa da makaɗa daga ko'ina. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga wannan biki sunansa ya bazu a birane. Daga baya ya mai da Funtuwa gida, a can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda yake sarrafa ƙungiyarsa

A kiɗan Turawa na gargajiya, mai tsara kiɗa yakan rubuta komai a takarda, jagora kuma ya tsaya gaban makaɗa da 'yar sanda a hannu yana bi da su layi bayan layi. Shata shi ne mai tsarawa, shi ne jagora, shi ne mai rerawa, duk a lokaci guda, kuma babu takarda a gabansa.

Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, an ɗaure fatun bakunan da tsirkiya. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa, yana matse tsirkiyar a hammata ko ya sassauta, sai sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu yana iya bin hawa da saukar kalma har mai sauraro ya gane abin da yake faɗa. Wannan ne ya sa a waƙoƙin Shata gangar kan maimaita amshi kamar da baki.

Ginin waƙarsa mai sauƙi ne a ido. Akwai amshi gajere, wato gindin waƙa, wanda makaɗan da kansu suke maimaitawa suna kiɗa. Tsakanin amshi da amshi kuma fili ne na Shata shi kaɗai: ya kawo ɗiyan waƙa, gajere ko dogo, ya ambaci asalin mutum da garinsa da kyautar da ya yi, ya saka karin magana, ya yi habaici, ya dawo. A nan ya bambanta da makaɗan fada, waɗanda 'yan amshinsu suke karɓar layi daga bakin jagora su ƙarasa masa, abin da ke buƙatar a zauna a gida a tsara waƙa a haddace. Tsarin Shata ya bar masa 'yancin ƙirƙira a nan take. Yana iya ganin mutum ya shigo fili ya saka shi cikin waƙar da ake yi, makaɗa kuma su bi shi da sauraron numfashinsa da inda ya sauke murya. Saboda haka waƙa guda ba ta fita iri ɗaya sau biyu. A gefe kuma sanƙira yana kirari yana sanar da kyautar da aka yi.

Mawaƙin kowa

Da wannan tsari ya ƙi zama makaɗin gida ɗaya. Ya yi wa sarakuna waƙa, ciki har da Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya zama babban ubangidansa. Ya yi wa attajirai da ma'aikatan gwamnati da sojoji, ya kuma yi wa direbobi da dillalai da mata masu sana'a da 'yan bori. Mutane da dama da tarihi bai rubuta sunansu ba, a bakin Shata kaɗai aka san su.

Batutuwansa ma ba su da iyaka. Ya yi waƙar yabon Annabi (SAW), ya yi ta noma da neman ilmi. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya da kiran haɗin kan ƙasa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kai labarin har ƙauyen da jarida ba ta zuwa. Bakandamiyarsa kuwa kirarin kansa ce, inda ya jera fifikonsa a kan sauran mawaƙa, kamar yadda Narambaɗa ya yi tasa.

Bai tsira daga suka ba. Waƙarsa ta shaye-shaye ta jawo masa fushin malamai, zambonsa kuma mai zafi ne, har manya suna shakkar ɓata masa rai. Akwai masu ganin cewa yabon mai kuɗi don kyautarsa ya ƙarfafa ɗabi'ar roƙo. Masoyansa kuma suna nuni da cewa bakin da ya yabi mai mulki shi ne ya iya faɗa masa abin da talaka ba zai iya ba.

Zamani ma ya taimake shi. Tashensa ya zo daidai da yaɗuwar faifan garmaho da akwatin rediyo. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryarsa Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, duk inda Bahaushe ya yi zango. Da kaset ya zo, sai ya shiga kowace motar haya. Tsararsa irin su Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, Haruna Uji mai gurmi, Garba Supa mai kukuma da Ɗan Anace na 'yan dambe duk sun ci moriyar wannan zamani, amma babu wanda ya kai shi faɗin fage.

Siyasa da karramawa

Shata bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa ba, shi ma ya shiga. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya yi GNPP kafin ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, muƙamin da aka tsige shi daga kai bayan saɓani da manyan jam'iyyar. Halinsa na faɗin abin da ke ransa, wanda ya ɗaukaka shi a fagen waƙa, bai yi masa rana a siyasa ba.

Masana kuwa sun daɗe da gane darajarsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya zama Dokta. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da jinya, har aka kai shi asibiti a Jidda, kafin ajali ya cim masa a Kano. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Bashar, aka binne shi a can.

Abin da ya bari

Shi kansa Shata bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba. Da yawa daga na ƙuruciyarsa ba a ɗauke su a na'ura ba, sun tafi tare da waɗanda suka ji su. Waɗanda aka ɗauka kuma suna warwatse a ma'ajiyar gidajen rediyo, da tsofaffin faya-fayai, da kasusuwan da ke hannun masu sha'awa, zafi da ƙura suna cin su. Abin da ke yawo a intanet sau da yawa ba shi da shekara, ba shi da sunan makaɗan da suka yi kiɗan, ba a kuma san wurin da aka yi wasan ba.

Tun da waƙar Shata ba a rubuce take ba, kowane ɗauka shi ne kwafi ɗaya tilo na abin da ya faru a wannan dare. In kaset ya lalace, babu takardar da wani makaɗi zai buɗe ya sake fitar da shi. Mawaƙan yau kuma sun koma situdiyo da fiyano da kwamfuta, masu iya sa kalangu ya yi magana suna raguwa. Tattara waɗannan faya-fayai, da tantance shekarunsu, da rubuta sunayen makaɗan da suka tsaya a bayansa, aiki ne da ke jiran jami'o'i da gidajen rediyo da hukumomin al'adu da ke Abuja, tun sauran waɗanda suka halarci wasanninsa suna raye suna iya ba da shaida.