Paul de Vivie: Ɗan kasuwar siliki da ya sauƙaƙa wa masu keke hawan tudu

Duk wanda ya taɓa canza giyar keke a gindin tudu ya ji feda ta yi masa laushi, ya ci moriyar wani Bafaranshe mai suna Paul de Vivie, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Ba shi kaɗai ya ƙirƙiro giyar keke ba, amma shi ya shafe kusan shekara 40 yana gwaji, yana rubutu, yana jayayya da manyan masu tsere, don mutane su yarda cewa neman sauƙi a kan hawa ba abin kunya ba ne.

Daga siliki zuwa keke

An haifi De Vivie ranar 29 ga Afrilun 1853 a garin Pernes-les-Fontaines da ke kudancin Faransa. Ya koyi cinikin siliki a birnin Lyon, daga baya ya kafa kasuwancinsa a Saint-Étienne, garin masana'antu da tsaunuka suka kewaye.

Sai a 1881, yana da shekara 28, ya sayi kekensa na farko. Irin na wancan zamanin ne, mai ƙatuwar tayar gaba da 'yar mitsitsiyar tayar baya. Ba shi da sarƙa, a jikin tayar gaba fedar take.

Harkar siliki ta kai shi Ingila, inda ya ga kekunan da ake ƙerawa a birnin Coventry. A 1887 ya bar siliki, ya buɗe shagon shigo da kekuna, ya kuma kafa mujallar da aka sani da Le Cycliste, inda yake rubutu da laƙabin Vélocio. A 1889 ya ƙera nasa keken, ya sa masa suna La Gauloise.

Tudun da ya dame shi

Kusa da Saint-Étienne akwai hanyar da ta haye tsaunin Col de la République, mai tsayin mita 1,161. An ruwaito cewa wata rana a 1889 yana fama da wannan hawa, sai wani mai karanta mujallarsa ya wuce shi cikin nishaɗi, yana ma zuƙar lofe. Keken mutumin na da giya mai laushi.

Nan De Vivie ya ga matsalar. Giya mai laushi tana daɗin hawa, amma a miƙaƙƙiyar hanya sai mutum ya yi ta juya ƙafa ba ya cin nisa. Giya mai tauri kuwa tana gudu a fili, amma tana karya gwiwa a tudu. Sai ya ƙudura cewa keke ɗaya ya kamata ya ɗauki duka biyun.

Da farko ya haɗa faranti 2 masu haƙora a wurin feda, yana ɗaga sarƙa da hannu daga wannan zuwa wancan. Ya ci gaba da gwada dabaru iri-iri har aka kai ga ƙarfen da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti ana cikin tafiya. Bai yi arziki da wannan aiki ba. Abokin tafiyarsa Joanny Panel ne ya fito da samfurin Le Chemineau kasuwa, har ya shiga gasar Tour de France ta 1912 da shi.

Jayayya da masu tsere

Babban wanda ya yi masa adawa shi ne Henri Desgrange, wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903. A ganinsa, giya mai canzawa ta waɗanda suka haura shekara 45 ce, namijin gaske da ƙarfin ƙafa yake cin tudu.

A 1902 ƙungiyar Touring Club de France ta shirya gwajin kekuna a tsaunukan Pyrénées. A nan wata mata mai suna Marthe Hesse, a kan keke mai giya 3, ta haye tsaunin Tourmalet mai tsayin sama da mita 2,100 ba tare da ta sauke ƙafa ba.

Duk da haka, sai a 1937 aka amince wa manyan 'yan tseren Tour de France su yi amfani da irin wannan giya, shekara 7 bayan mutuwar De Vivie.

Abin da ya shafi manomin Bunkure

Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ba ƙasar tsaunuka ba ce. Amma manomin da ya ɗaure buhun shanshera ko kwandon tumatir a kariya ya san nasa tudun: hawan gefen magudanar ruwa, burji mai yashi, laka, da iskar hunturu idan ta tare gaba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine.

Yawancin kekunan dako, irin su Phoenix da Raleigh, giya ɗaya gare su, kuma lissafinta bai da wuya. A ce farantin gaba na da haƙora 44, ƙaramin na baya, wanda masu gyara ke kira firiwil, na da 18. Duk juyin feda ɗaya, taya mai inci 28 za ta ci kusan mita 5.4.

Idan aka sauya na bayan da mai haƙora 22, juyi ɗaya zai ci kusan mita 4.4. Gudu ya ragu, amma ƙarfin da ƙafa ke sa wa feda shi ma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin 5. Mai gyaran keke zai iya wannan aiki, sai dai wataƙila ya ƙara wa sarƙa tsawo.

Ƙa'idar ke nan: ƙaramin faranti a gaba, babba a baya, shi ne sauƙin hawa. Mai keke mai giya da yawa kuma ya canza tun kafin hawa ya yi tsanani, ya sassauta taka feda lokacin canzawa, don sarƙar da ke cikin dako tana iya tsallake haƙori ko ta tsinke.

Ƙarshen rayuwarsa

De Vivie bai taɓa ɗaukar keke abin tsere ba, abin tafiya mai nisa ne a wurinsa. Ba ya cin nama, kuma ya bar wa matafiya shawarwari 7 da har yau ake maimaitawa. Daga ciki akwai cin abinci kafin yunwa ta kama mutum, shan ruwa kafin ƙishi, taƙaita hutu a hanya, da guje wa tuƙi don burge jama'a.

Ya ci gaba da doguwar tafiya a keke har bayan ya haura shekara 70. A ƙarshen Fabrairun 1930 wani taragon lantarki da ke bin titin Saint-Étienne ya buge shi yana tsallaka hanya, kuma raunin ya yi ajalinsa yana da shekara 76.

An kafa masa dutsen tunawa a saman Col de la République. Tun 1922, yana da rai, aka fara taron shekara-shekara na hawan wannan tsauni da sunan Vélocio, inda matasa da tsofaffi ke hawa, kowa da giyar da ta dace da ƙafarsa.